Tarihin Rabon Maganin Makantar Kogi a Hannun Mutanen Ƙauye

Makantar kogi cuta ce da wata siririyar tsutsa ke haddasawa, wadda masana ke kira Onchocerca volvulus. Baƙin ƙuda ne ke ɗaukar ta daga jikin wani ya kai jikin wani, wani ɗan ƙaramin ƙuda mai doro da ke cizo da rana, wanda ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu da ƙarfi, inda kogi ke dukan duwatsu yana kumfa. Macen ƙudan kan zuba ƙwai a kan ganyaye da rassan da ruwa ke kaɗawa, kafin mako biyu sabbin ƙudaje sun tashi. Shi ya sa cutar ta zama ta mazauna bakin ruwa: manomin fadama, da masunci, da mace mai wanki, da yaron da ke kai dabbobi mashaya.

Idan tsutsar ta shiga jiki sai ta girma ta dunƙule a ƙarƙashin fata, ta yi ƙululu mai tauri da hannu ke iya ji a ƙugu ko haƙarƙari ko gwiwa. Macen kan kai tsawon rabin mita, tana rayuwa shekara 10 zuwa 15, kullum tana zubar da ɗaruruwan 'ya'ya da ido ba ya gani. Waɗannan 'ya'yan su ne masu ɓarnar. Suna yawo cikin fata, idan sun mutu jiki ya tashi da ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya riƙa susa da dutse ko ɓawon itace sai ya ga jini. A hankali fata ta yi kaushi, ta yamutse tun mai ita bai tsufa ba, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare. Waɗanda suka shiga ido kuwa sukan dusashe gani sannu a hankali, idan kuma makanta ta zauna babu maganin da zai dawo da ganin. Cizo ɗaya ba ya makantarwa, sai an tara na shekaru, don haka makantar kan sauka ne a kan ɗan shekara 30 zuwa 40, daidai lokacin da gida ya dogara da ƙarfinsa.

A kwarin kogunan Bolta, tsakanin arewacin Gana da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, an sami ƙauyukan da mutum ɗaya cikin goma makaho ne, a wasu ma kusan rabin mazan da suka haura 40 ba sa gani. Yara suka zama 'yan jagora maimakon 'yan makaranta. Jama'a suka riƙa tashi daga fadama mai albarka suna komawa tudu inda ƙasa ta gaji, kuma duk ƙauyen da ya ragu, cizon da ake rabawa tsakanin mutane da yawa sai ya tattaru a kan 'yan kaɗan da suka saura, su ma su tashi. An rubuta irin wannan ƙaura a kwarin kogin Hawul, tsakanin Borno da Adamawa.

Gano musabbabin cutar ya ɗauki rabin ƙarni. Wani likitan sojan ruwan Ingila, John O'Neill, ya ga 'ya'yan tsutsar a fatar masu ƙaiƙayi a gaɓar Gana cikin shekarun 1870. A 1915 Rodolfo Robles na Gwatemala ya danganta tsutsar da ciwon ido, a 1926 kuma Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta. A Arewacin Najeriya, likitan ido F. H. Budden ya zagaya larduna cikin shekarun 1950 yana duba idanu, ya fitar da taswirar inda cutar ta yi ƙamari. Sanin musabbabi bai kawo sauƙi ba, domin magunguna biyun da ake da su a lokacin ba masu rabuwa ga jama'a ba ne. Na farko, wanda ake kira DEC, yana kashe 'ya'yan tsutsar a tashi ɗaya, jiki ya kumbura, ƙaiƙayi ya ninka, wani lokaci ma ya ƙara lalata idon da ake son ceto. Na biyu, suramin, allurar jijiya ce ta makonni mai taɓa ƙoda, har takan yi kisa.

Sai aka koma kan ƙudan. A Kenya an zuba DDT a kogunan kwarin Kodera a 1946 aka share nau'in ƙudan da ke can. A Najeriya an gwada haka a tsakiyar shekarun 1950 a kogunan da ke kewaye da tsohon garin Abuja, wato Suleja ta yau, ƙudan ya ragu amma bai ƙare ba, domin na Afirka ta Yamma iska kan ɗauko shi daga nisan ɗaruruwan kilomita. Darasin da aka ɗauka shi ne feshi ba zai yi tasiri ba sai an haɗa ƙasashe da yawa a lokaci guda. Bayan shugaban Bankin Duniya Robert McNamara ya ziyarci Wagadugu a 1972 ya ga halin da ake ciki, an kafa shirin yaƙi da cutar a Afirka ta Yamma, OCP, a 1974, da ƙasashe bakwai: Nijar, Mali, Gana, Togo, Kwaddibuwa, da ƙasashen da yanzu ake kira Benin da Burkina Faso. A 1986 aka ƙara Sinigal da Gini da Gini Bisau da Saliyo. Jirage masu saukar ungulu da ƙananan jirage suka riƙa bin koguna kowane mako suna zuba maganin kashe 'ya'yan ƙuda, har tsawon kogunan da ake bi ya kai kimanin kilomita 50,000. Dabarar ita ce a danne ƙudan na shekara 14 ko fiye, har tsutsotsin da ke jikin mutane su tsufa su mutu ba tare da sun sami hanyar shiga wani jikin ba. Lokacin da aka rufe shirin a 2002, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya hana mutum 600,000 makancewa, ya kuma mayar da hekta miliyan 25 ta ƙasar noma hannun manoma.

Aiki ne babba, amma daga sama aka yi shi, ɗan ƙauye ba shi da hannu a ciki sai kallon jirgi. Kuɗinsa ma ba na wasa ba ne, ga shi ba ya yiwuwa a kurmi inda itatuwa suka rufe koguna. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, ba ta cikin shirin, haka Kamaru da Cadi da Sudan da Kwango.

Mafitar waɗannan ƙasashe ta fito ne daga maganin dabbobi. Satoshi Omura na cibiyar Kitasato a Japan ya ware wata ƙwayar halitta daga ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf, ya aika wa kamfanin Merck a Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka fitar da sinadarin aibamektin. A 1981 aka fara sayar da shi don kashe tsutsar shanu da dawaki. Campbell ya lura yana kashe wata tsutsar doki 'yar uwar ta makantar kogi, sai wani likitan kamfanin haifaffen Bangaladash, Mohammed Aziz, ya gwada shi a kan mutane a Dakar a wannan shekarar. Sha ɗaya ya share 'ya'yan tsutsar daga fata na watanni, ba tare da wahalar DEC ba. Masu bukatarsa kuwa ba su da kuɗin saye, gwamnatocin da aka tuntuɓa kuma babu wadda ta ɗauki nauyi. Ranar 21 ga Oktoba 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya sanar cewa za a ba da maganin kyauta da sunan Mectizan, gwargwadon yadda ake bukata, har tsawon lokacin da ake bukata. Aziz ya rasu 'yan makonni bayan sanarwar. Omura da Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015.

Maganin yana da iyaka guda wadda ita ta tsara duk tarihin da ya biyo baya. Yana kashe 'ya'yan, yana kuma hana uwar haihuwa na wasu watanni, amma ba ya kashe ta. Kamar mai nome ciyawa ne ya bar saiwa a ƙasa, dole baɗi ya dawo. Kenan sai an sha shi kowace shekara har tsawon ran uwar tsutsa, shekara 15 ko kusa da haka, kuma ba masu ciwo kaɗai ba, kusan duk mutanen ƙauyen, domin wanda bai sha ba shi ne rumbun da ƙuda zai ɗiba ya raba wa sauran. Kyautar kamfani tana tsayawa ne a tashar jirgi. Daga nan zuwa ƙauyen da ke ƙarshen hanya, inda babu asibiti babu mota da damina, aikin wani ne dabam.

Da farko ayarin ma'aikatan lafiya ne ke fita da mota, da sikelin awon nauyi, su yi kwana ɗaya ko biyu a ƙauye su wuce. A Najeriya rabon ya fara ne a 1989 a jihohin Kaduna da Kwara. A Kaduna ne ma Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da abokan aikinta suka yi gwajin da aka wallafa a 1993, wanda ya nuna shan maganin shekara-shekara na rage lalacewar jijiyar ido. Sai dai tsarin ayari ya nuna gazawarsa da wuri. Wanda ya tafi gona ko kasuwa ranar da mota ta zo ya rasa na wannan shekarar. Man fetur da alawus sun fi ƙarfin kasafin ma'aikatun lafiya, ba kuwa mai tsammanin za a ci gaba da biyansu har shekara 15.

A daidai wannan lokaci yawan waɗanda ya kamata a kai wa maganin ya ƙaru. Uche Amazigo, masaniya daga Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ta yi bincike a ƙauyukan jihar Enugu ta nuna cewa a yankin kurmi, inda makanta ba ta da yawa, ciwon fatar kansa masifa ne: 'yan mata na rasa miji saboda shi, masu shayarwa na yaye 'ya'ya da wuri don ƙaiƙayi. Hukumomi, waɗanda da makanta kaɗai suke ƙirgawa, suka yarda cewa wannan ma ya isa dalilin rabo. Aka kuma samo hanya mai sauƙi ta gane ƙauyen da ya cancanta. Akan tara maza manya 30 zuwa 50 a lalube jikinsu, idan ɗaya cikin biyar na da ƙululu, ƙauyen duka ya shiga rabo.

Tambayar da ta rage ita ce wa zai raba. Shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ya gwada hanya biyu a tsakiyar shekarun 1990 a Mali da Gana da Najeriya da Kamaru da Yuganda. A wasu ƙauyuka ma'aikata ne suka tsara komai suka ɗora wa mutanen gari, a wasu kuma aka yi wa jama'a bayani aka bar su su tsara da kansu. Inda aka bar wa jama'a, waɗanda suka sha maganin sun fi yawa. Sabon shirin Afirka, APOC, wanda aka kafa a Disamba 1995 da ƙasashe 19 waɗanda ba sa cikin OCP, ya ɗauki wannan hanya a 1997 ta zama ginshiƙin aikinsa. Amazigo ta shugabanci shirin daga 2005 zuwa 2011.

Yadda abin ke gudana a ƙauyen Arewa ba shi da sarƙaƙiya. Ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma kan fara da gaisuwa wurin dagaci, mai shela ya zagaya, a taru a ƙofar fada ko bayan sallar Juma'a. Jama'a ne ke zaɓen wanda zai raba musu, su tsayar da wata, yawanci da rani bayan an gama girbi kuma ba cikin azumi ba, su yanke ko gida-gida za a bi ko a wuri ɗaya za a taru. Wanda aka zaɓa yakan sami horon kwana biyu ko uku, ya ƙirga mutanen garinsa a littafin rajista, gida bayan gida, sannan ya je asibitin da ya fi kusa ya karɓo ƙwayoyin daidai da ƙidayar.

Kayan aikinsa littafin nan ne da sandar awo. Sanda ce doguwa mai zane huɗu, sau da yawa kowane da launinsa, wadda ta maye gurbin sikeli bayan an tabbatar tsawo na iya tsayawa a madadin nauyi. Mutum ya cire takalmi da hula ya tsaya a jikinta. Daga santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya, zuwa 140 biyu, zuwa 158 uku, wanda ya wuce haka huɗu. Yaron da bai kai zanen farko ba ba a ba shi, haka mai juna biyu, da mai jegon da ba ta cika mako ba, da mai ciwo mai tsanani. Ana haɗiye ƙwayar a gaban mai rabon, ba a ba da saƙo, shi kuma ya rubuta adadin a layin sunan mutum, ƙarƙashin shekarar. Wanda ya yi tafiya akan ajiye masa nasa. Wannan sanda ta cancanci yabon da ba ta samu ba, domin ita ta sa manomin da bai wuce firamare ba ya iya auna magani daidai. A shekarun farko masu tsutsa da yawa kan yi kwana ɗaya ko biyu suna fama da ƙaiƙayi da kumburi da zazzaɓi, mai rabon ne kuma ke kwantar musu da hankali, ya tura wanda abin ya tsananta asibiti. Abin da ya ƙara wa maganin farin jini shi ne yana fitar da tsutsar ciki, yana kashe ƙwarƙwata da ƙazwa, amfanin da ake gani cikin kwanaki.

Tsarin bai tanadi albashi ba. An bar wa kowane ƙauye ya saka wa mai rabonsa yadda ya ga dama, wasu da kwanon hatsi, wasu da gayya a gonarsa, da yawa kuma da godiya kawai. Nan ne raunin tsarin yake. Da shirye-shirye irin na rigakafin shan inna suka zo suna biyan alawus, masu rabon Mectizan suka ga suna aikin makonni a banza, wasu suka ajiye littafi, sai an sake horar da sababbi. A Yuganda, Moses Katabarwa ya nuna cewa idan aka zaɓi mai rabo daga cikin kowane dangi, ya raba wa 'yan uwansa kaɗai, aikin kan yi sauƙi kuma neman lada kan ragu. A ƙasar Hausa kuma akwai batun gidajen kulle, inda namiji baƙo ba ya shiga, don haka inda aka zaɓi maza zalla akan bar mata a baya ko a ba maigida ya kai musu ba tare da awo ba. Sanya mata cikin masu rabo ya gyara da yawa daga wannan. Makiyaya ma sukan faɗi tsakani, domin ba sa cikin rajistar kowane ƙauye, alhali su ne ke yini a bakin kogi da rani. Duk da haka, a shekarun ƙarshe na APOC fiye da mutum miliyan 100 ne ke shan maganin kowace shekara, kusan dukkansu daga hannun maƙwabcinsu. Rahotanni sun fi ambaton kamfani da masu ba da tallafi, amma kwanakin aikin da waɗannan manoma suka bayar kyauta gudummawa ce da ta kamata a lissafa daidai da ta kowa.

Babban cikas na likitanci ya ɓullo ne a kurmin Afirka ta Tsakiya. Cikin shekarun 1990 aka ga a Kamaru wasu suna suma bayan shan maganin, wasu har sun mutu. Aka gano masu ɗauke da wata tsutsar ce dabam, Loa loa, da yawa ƙwarai a jininsu. A irin waɗannan wurare sai da aka ƙara sa ido, daga baya kuma aka ƙera wata na'ura da ake haɗawa da wayar hannu, tana ƙirga tsutsar a ɗigon jini cikin mintuna, a ware masu haɗari a ba sauran. An gwada ta a gundumar Okola ta Kamaru a 2015.

Da hanyar ta kafu sai aka riƙa ɗora mata wasu kaya. A 1998 Merck ya faɗaɗa kyautar zuwa cutar tundurmi da gwaiwa, ana haɗa Mectizan da albendazol. Wani bincike da aka yi daga 2005 zuwa 2007 a Najeriya da Kamaru da Yuganda ya nuna masu rabon na iya kai gidan sauro da sinadarin bitamin A da maganin zazzaɓin cizon sauro fiye da yadda asibiti ke kaiwa, ko da yake kula da masu tarin fuka bai yi kyau a hannunsu ba.

Asalin manufa ita ce rage cutar, ba a yi zaton ƙwaya kaɗai za ta kawar da ita daga Afirka ba. Sakamakon da aka wallafa a 2009 daga wurare uku a Mali da Sinigal ya sauya wannan tunani, domin bayan shekara 15 zuwa 17 ana sha, an daina, cutar kuma ba ta dawo ba. A 2012 aka wallafa irinsa daga Birnin Gwari da Kauru da Lere a jihar Kaduna, inda aka duba fatar mutum fiye da 3,000 ba a sami tsutsa a jikin ko ɗaya ba. Kafin a dakatar da rabo a yanzu akan gwada jinin dubban yara 'yan ƙasa da shekara 10, a kuma kama dubban ƙudaje a bakin kogi a bincika kawunansu, sannan a ci gaba da sa ido shekara uku zuwa biyar. Ta haka aka dakatar da rabo a Filato da Nasarawa a 2018, inda Cibiyar Carter ke tallafawa, daga bisani kuma a Kaduna da Kebbi da Zamfara, inda ƙungiyar Sightsavers ke aiki.

Kolombiya da Ikwado da Meksiko da Gwatemala sun sami shaidar kawar da cutar tsakanin 2013 da 2016. Ranar 30 ga Janairu 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta sami wannan shaida. A can cutar ta taƙaita ne a kudu maso yamma, a rassan kogin Kwara irin su Sirba da Tapowa da Mekuru, kuma feshin da aka yi daga 1976 zuwa 1989 ne ya karya ta, rabon ƙwayoyi na 2008 zuwa 2019 ya ƙarasa.

An rufe APOC a ƙarshen 2015, shirin ESPEN ya gaje shi a 2016, ya haɗa makantar kogi da wasu cututtuka huɗu da ake yaƙa da rabon magani. Ƙiyasin 2017 ya nuna kimanin mutum miliyan 21 na ɗauke da tsutsar, fiye da miliyan ɗaya ganinsu ya taɓu, kusan dukkansu a Afirka. Inda aikin ya yi saura su ne wuraren da rikici ya hana shiga, da kogunan kan iyaka inda ƙasa ɗaya ke rabo maƙwabciyarta ba ta yi, da kurmin da ke da Loa loa, ga kuma giɓin da yanke tallafin Amurka ya bari a 2025. A wuraren da cutar ta ƙi ja da baya an koma rabo sau biyu a shekara. Wani sabon magani, moksidektin, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 kuma ya fi daɗewa yana danne 'ya'yan tsutsar, an fara raba shi a Gana a 2025.